Rezum ko UroLift? Amsa ga Alhaji

Alhaji barka da war haka, Allah ya ƙara sauƙi. Na ga tambayarka kan Rezum da UroLift, ayyuka biyu da ake yi wa mai kumburin furostet (naman da ke zagaye da hanyar fitsarin namiji a ƙasan mafitsara), wanne zai buɗe hanyar fitsari bai taɓa harkar iyali ba, to ni dai Rezum aka yi min a Alƙahira shekara biyu ke nan, kuma shi zan ce ka yi, in dai girman furostet ɗinka ya ba da dama.

Kafin aikin sau biyar nake tashi da dare, in tsaya a bayi buta a hannu ina jira kamar mai roƙo, fitsarin ya zo ɗis-ɗis, in na yi alwala kuma kafin in kai sahu na ji ɗigo, wando uku nake canzawa a yini saboda salla. Tafiyar Kano zuwa Zariya ma sai na tsayar da direba sau biyu. Tamsulosin, ƙwayar sassauta hanyar fitsari da aka ɗora ni a kai, ya ɗan taimaka amma jiri ya dame ni, kuma maniyyin ya ragu har uwargida ta fara yi min wani irin kallo.

Shi Rezum tururin ruwa ne kawai. Ta hanyar fitsari ake shiga da wani siririn ƙarfe, a huda naman da ya kumbura a fesa tururi na daƙiƙa 9, a matsa gaba a sake, naman ya mutu jiki ya shanye shi a hankali. Ba yanka, ranar na koma masauki. Amma kada wani ya ruɗe ka wai washegari za ka miƙe garau, ƙarya ne. Wurin kumbura yake yi tukuna, kwana 6 na yi da robar fitsari, jakar ɗaure a ƙauri ƙarƙashin jallabiya ina tafiya kamar ɗan kaciya, bayan an cire ga zafi ga ɗan jini-jini har a maniyyi, wallahi sati na biyu sai da na ce na yi asarar kuɗina. Wajen sati na biyar wata asuba na farka na ga tun bayan isha ban tashi ba, na shiga bayi na ji ƙarar fitsarina a tangaran irin wadda na manta da ita. Sai wata uku ya gama daidaita. Ɓangaren iyali alhamdulillahi, komai na nan inda yake. Ana samun 'yan ƙalilan da nasu ke raguwa, wannan ma ka sani.

UroLift kuma, to, ba laifi. Wasu 'yan ƙusoshi ne ake ɗame naman da su gefe da gefe kamar an ɗaure labule, yawanci ba a barinka da roba, sauƙin yana zuwa da wuri, maniyyi ma ba ya taɓuwa. Amma naman yana nan bai je ko'ina ba, ƙusoshin suna jikinka, kowace ɗaya kuɗinta daban. A manyan gwaje-gwajen da aka yi, cikin shekara 5 kusan mutum 14 cikin 100 sun koma an sake musu aiki, na Rezum kuwa 4 zuwa 5. Ni kuma nawa yana da ƙullutu a tsakiya da ya turo cikin mafitsara, likita ya ce tururin ya fi dacewa da irinsa.

Abu ɗaya da mutanenmu ke cakuɗawa, ƙarfin gaba daban, fitar maniyyi daban. Aikin kankara na da, TURP, shi ya fi su duka biyun buɗe hanya kuma galibi ƙarfin yana nan, sai dai kusan biyu cikin uku maniyyinsu mafitsara yake komawa, ba ya cutarwa amma mai neman haihuwa ya shiga matsala. Yayana shi aka yi wa, yana da jikoki 11, ko a jikinsa. Kai da ka ce amarya ko shekara ba ta rufa ba lissafinka daban ne.

Ka fara yin gwajin PSA (gwajin jini na duba furostet) da sikanin tukuna. Rezum an fi yin sa ga furostet mai giram 30 zuwa 80, in naka ya zarce sosai likitan mafitsara zai kawo wata maganar, kuma dole a tabbatar ba cutar kansa ba ce don Rezum da UroLift duk ba maganinta ba ne. In kana shan finasteride, ƙwayar rage girman furostet, ka faɗa musu, yana rage lambar PSA kusan rabi.

Sai masu jarka. Ni dubu 40 na zuba wa wani a Facebook da ya rantse zai narkar da furostet a kwana bakwai, wai sanyi ne, gudawa kawai na samu, ina cikin shan maganin sai fitsarin ya tsaya cak aka kwashe ni asibiti ƙarfe biyun dare, likita ya ce irin wannan jinkirin ne ke kashe ƙoda. Haka dillalan asibitin Masar da Indiya, komai leza suke ce masa don ka biya, alhali aikin leza irin HoLEP shi ma yana mayar da maniyyi baya. Ka sa a rubuto maka sunan aikin a takarda, ka yi magana da likitan da kansa ta bidiyo, ka tambaye shi mutum nawa ya yi wa.

Ka yi Rezum Alhaji. Kada ka yanki tikitin dawowa sai an cire robar, kuma ka tafi da wando mai faɗi.