Zaɓen Tsohuwar Motar Gudu Domin Gyaran Ƙarshen Mako

Wanda ya ƙudiri aniyar sayen tsohuwar motar gudu domin ya riƙa gyara ta da hannunsa a ranakun Asabar da Lahadi, buƙatarsa ta sha bamban da ta mai neman motar zuwa ofis ko kai yara makaranta. Shi ba ya gudun motar da ke da aiki a jikinta, tunda aikin ne ya kawo shi. Abin da ya kamata ya guje wa shi ne aikin da ba ya ƙarewa, irin wanda zai sa a ɗora mota a kan duwatsu a tsakar gida wata da watanni ana jiran wani ɗan ƙarfe daga Jamus ko Japan. Saboda haka ma'aunin da nake ɗora kowace mota a kansa guda ɗaya ne: shin injinta yana da dangi a cikin motocin da ke yawo a titunanmu? Idan yana da su, za a sami kayansa a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, in ta kama a aika Ladipo a Legas, kuma za a sami bakaniken da ya saba da shi ranar da aikin ya fi ƙarfin mai motar.

Doka ma ta riga ta rage wa mai saye zaɓi tun kafin ya fita kasuwa. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma ba a yarda da shigo da mota mai sitiyari a dama ba, wanda hakan ya fitar da mafi yawan motocin gudu masu araha na kasuwannin Japan da Ingila daga lissafi. Wadda aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa ban ba kowa shawarar ya kusance ta ba, domin sitiyari da birki ba wurin gwajin walda ba ne a motar da aka ƙera don gudu. Sannan hukumar kwastan ta haramta shigo da motar da ta haura shekara 12 da ƙerawa, ga shi duk motocin da za a ambata a nan sun wuce wannan wa'adi. Ma'anar wannan ita ce a cikin gida za a nemi motar, a hannun wanda ya riga ya more ta, kuma takardun dutinta na asali suna da muhimmanci daidai da lafiyar injinta.

A Turai da Amurka, da zarar an tambayi wace tsohuwar motar gudu ta fi dacewa da gyaran gida, amsar da ke fara fitowa ita ce Mazda MX-5, kuma suna da hujja. An fara fitar da ita a 1989 da inji mai lita 1.6, daga baya aka ƙara mai 1.8, nauyinta bai wuce kimanin tan ɗaya ba, tana ja da tayoyin baya, kuma an shirya injinta ta yadda mai akwatin sifanu na gida zai iya kaiwa ga kusan kowane noti. Ko bel ɗin taimin ya tsinke, fistin ba ya dukan bawul, don haka kuskuren ɗan koyo ba ya zama asarar inji. Sai dai a wurinmu ba ta da yawa, kuma duk da cewa injinta ɗan gidan Mazda 323 ne, fitilunta da bambarta da rufinta na yadi ba a samunsu sai an yi oda. Rufin yadin nan kuma shi ne abu na farko da ranar bazara da ƙurar hunturu ke cinyewa. Wanda ya ci karo da mai lafiya, kuma yana da rumfar da zai ajiye ta, ya dace. Amma ba motar da za a zauna jira ba ce.

Toyota Celica ta ƙarshe, wadda aka ƙera daga 1999 zuwa 2006, ita ce ta fi kowacce cika ma'aunin da na kafa. Nau'in GT yana ɗauke da inji 1ZZ-FE mai lita 1.8 da ƙarfin doki 140, wato injin da ke cikin Corolla da Matrix da Pontiac Vibe na wancan zamani, waɗanda babu garejin da bai san cikinsu ba. Fulogi, koyil, famfon ruwa, gasket, har ma da cikakken inji na tokumbo, duk abin da aka nema ana iya dawowa da shi kafin la'asar. Aibinsa sananne ne: na shekarun farko yana shan baƙin mai saboda ringin fistin da ke maƙalewa, don haka a duba hayaƙin salansa a kuma tambayi mai motar sau nawa yake ƙara mai tsakanin juye da juye. Nau'in GT-S mai inji 2ZZ-GE, wanda Toyota ta ƙera tare da Yamaha, yana ba da doki 180 kuma yana buɗe wuta idan juyin inji ya haura 6,000, amma yana son fetur mai inganci sosai, mu kuwa iri ɗaya ake sayar mana a gidajen mai. Abin da za a iya riƙe wa Celica shi ne da tayoyin gaba take ja, kuma masu son jin bayan mota yana motsi a kwana ba za su gamsu da ita ba. Ga wanda bai taɓa kwance inji ba, ban ga makarantar da ta fi ta sauƙin kuɗi ba.

Idan kuwa ƙarfi ake nema, Nissan 350Z ce ta cancanci a daɗe a kanta. Ta fito a 2002 da inji V6 mai lita 3.5, VQ35DE, mai doki 287, kujeru biyu, tana ja da baya. Wannan inji shi ne a cikin Murano da Altima da Maxima da Pathfinder da Infiniti G35 da FX35, kuma sarƙa ce ke tafiyar da taiminsa ba bel ba. A nan akwai abin lura da dillalan kayan gyara ba kasafai suke faɗa ba: injin Murano da Altima a gicciye yake kwance, na 350Z kuwa a tsaye yake daga gaba zuwa baya, don haka ƙananan kaya da yawa suna shiga juna amma cikakken inji ba ya zama kai tsaye. Wanda zai nemi inji ko giyabos ya nufi ɓangaren G35, domin ita ce 'yar'uwarta ta kusa, gindinsu ɗaya. Shekarar ƙira ma tana da tasiri. Na 2003 da 2004 sun yi suna wajen cin tayoyin gaba ta gefen ciki, kuma giyar hannunsu takan yi ƙara wajen sauyawa idan ta tsufa. Injin da aka ƙara wa ƙarfi zuwa doki 300 a 2005 da 2006 shi ne ya fi shan baƙin mai. Na 2007 zuwa sama, mai inji VQ35HR da doki 306, shi ya fi kyau, sai dai kayansa ba su kai na tsohon yawa ba. Tana da nauyi, kusan tan ɗaya da rabi, tana shan fetur yadda ya dace da girman injinta, abin da ba a raina shi tun bayan cire tallafin mai a 2023, kuma cikinta yana kusa da ƙasa har sai an bi tudun rage gudu a karkace. Duk da haka, a ganina ita ce ta fi daidaita tsakanin daɗin tuƙi da samuwar kaya.

BMW tana ba da hanya biyu: Z3 mai buɗaɗɗen rufi, wadda aka ƙera a jihar Karolina ta Kudu a Amurka daga 1995 zuwa 2002, da kuma 3-Series samfurin E46 mai ƙofa biyu, musamman 330Ci mai inji M54 na silinda shida a jere. Injin M54 yana cikin 530i da X5 na wancan lokaci, don haka ba baƙo ba ne a kasuwa, kuma samun injin da ya kai shi laushin tafiya a wannan farashi yana da wuya. Rauninsa yana wajen sanyaya inji. Tankin ruwa, da bakin lagireto, da gidan tamostat duk roba ce, kuma roba mai shekara ashirin a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba ta ba da sanarwa kafin ta fashe. Gangar injin alminiyom ce, idan ta yi zafi sau ɗaya da gaske zaren kusoshin tofsilinda yakan zame, daga nan gyara ya bar hannun mai aikin Asabar. Wanda ya sayi E46 ya ɗauka cewa sauya dukan kayan ruwan nan a lokaci guda yana cikin kuɗin motar. Sannan ya shiga ƙarƙashinta da tocila ya duba inda gindin tayoyin baya ya haɗu da bodi, domin ƙarfen wurin yakan tsage, kuma a Z3 ma a ɗaga shimfiɗar but a duba ɗigon waldar da ke ƙasa ko sun fara ɓallewa. Waɗannan motoci suna saka wa mai haƙuri da bin ƙa'ida, suna kuma hukunta mai ɗaure abu da waya ya ce gobe.

Mercedes SLK ta farko, daga 1996 zuwa 2004, ta gaji injin M111 da kayan ƙasa da yawa daga C-Class ta W202 da muka sani sosai a Arewa. Rufinta na ƙarfe ne mai naɗewa, ya fi na yadi jure rana, amma man haidirolik ne ke ɗaga shi, kuma idan bututunsa suka fara yoyo mai gyaransa ba ya da yawa. Motar shan iska ce da yamma fiye da motar gudu.

Akwai biyu da nake roƙon mai farawa ya kawar da kai daga gare su komai kyawun farashi, domin araha ba ta ado. Ta farko Mazda RX-8 ce, ta 2003 zuwa 2012, wadda injinta ba shi da fistin sam, wasu ƙarafa biyu masu kusurwa uku ne ke juyawa a cikinsa. An ƙera shi ya riƙa ƙona ɗan baƙin mai da gangan, yana shaƙewa da fetur idan aka kashe shi da sanyi, kuma idan ƙarafan da ke toshe kusurwoyinsa suka cinye sai an kwance shi gaba ɗaya. Alamar hakan ita ce mota ta tashi lafiya da safe amma ta ƙi tashi bayan ta yi zafi. Ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya a titunanmu, shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda ake tallatawa an riga an dasa musu injin wata motar. Ta biyu ita ce Porsche Boxster ta 1996 zuwa 2004. Tuƙinta ya fi na duk waɗanda aka ambata, amma injinta a ɓoye yake a bayan kujeru, akwai kuma wani boris a cikinsa da ake kira IMS wanda idan ya watse yakan tafi da injin duka, kuma kowane ƙaramin abu nata da kuɗin waje ake sayensa.

Ko wacce aka tsayar, ranar dubawa ita ce ke raba mai riba da mai asara. A je da sassafe, a ɗora hannu a kan inji a tabbatar ba a riga an ɗumama shi ba, domin injin sanyi ne ke faɗin gaskiya game da hayaƙi da ƙarar sarƙa. A buɗe murfin baƙin mai a ga ko akwai kumfa mai launin madara, a leƙa tankin ruwa a ga ko ruwan famfo ne mai tsatsa a ciki maimakon ruwan sanyaya inji. A tambaya ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ta yaɗu a garejinmu, wadda sau da yawa ake yi don a rufe wata matsalar zafi da ba a gano tushenta ba. A bi jikin motar da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle, inda ya ƙi kamawa a kan ƙarfe akwai cikon mai gyaran bodi a ƙarƙashin fenti, sai dai a tuna cewa bonet ɗin wasu, kamar 350Z da MX-5, na alminiyom ne. Motocin da suka zo daga Amurka da yawa an saye su ne a gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shafa, don haka a ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 a bincika tarihinta a intanet, a kuma tabbatar ita ce a kan takardun kwastan. Inji ana sauya shi cikin mako guda, amma shasin da ya karkace ko wayoyin da ruwa ya jiƙa ba su da ranar gamawa. Giyar hannu ta fi dacewa da wannan buri, domin kulochi aikin gida ne, giyar otomatik da ta tsufa kuwa sai gwani.

Game da kuɗi, shawarata ita ce kada a kashe fiye da kashi biyu cikin uku na abin da aka tanada wajen sayen motar, ragowar a bar wa watannin farko. Gara a biya ƙari a ɗauki wadda ke tafiya da ƙafarta da a karɓi wadda aka ce ƙaramin abu ne ya tsayar da ita, domin motar da ba ta tashi ba a iya gwada giyarta ko birkinta ko zafinta. Idan ta iso gida, fenti da rim da salansa mai ƙara su jira tukuna. Asabar ta farko ta juye ce: baƙin mai, man giya, man birki da ruwan lagireto. Ta biyu ta birki ce da tayoyi, a karanta lambobi huɗun da ke gefen kowace taya, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, duk wadda ta haura shekara shida a sauya ta ko da zanenta bai goge ba. Bayan nan sai shokozoba da robobin ƙasa, ɓangare ɗaya a kowane mako, ta yadda motar za ta sauka daga kan jak kafin magaribar Lahadi.