Sharhi a kan kundin rubuce-rubucen Nana Asma'u

Duk mai son sanin irin karatun da mata suka yi a Daular Usmaniyya a ƙarni na 19, da wuya ya sami abin da ya kai kundin da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara, wanda maɗaba'ar Jami'ar Jihar Michigan da ke Amurka ta buga a 1997 da sunan Collected Works of Nana Asma'u. Littafi ne mai kauri, shafukansa sun haura 700, kuma ya ƙunshi abin da 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Babban amfaninsa a wurina shi ne yadda ya nuna cewa yawancin waƙoƙin nan kayan koyarwa ne. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin 'yan baitoci, domin macen da ba ta daɗe a makarantar allo ba ta haddace su tana daka ko tana kaɗi. Akwai Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, inda aka ambaci salihan mata tun daga iyalan Annabi (SAW) har zuwa na gidan Shehu, sai kuma Tabbat Haƙiƙa, waƙar Shehu da Asma'u ta mayar Hausa. Bayanan da masu tattarawa suka yi sun fito da tsarin 'Yan Taru, wato ƙungiyar karantar da mata da Asma'u ta kafa, fili: jaji, wato shugabar matan, takan zo Sakkwato da ayarin mata daga ƙauye, a naɗa mata malfa da jan rawani, ta ɗauki karatu, sannan ta koma ta rera wa matan garinsu. Ke nan da yawa daga cikin ɗaliban Asma'u da kunne suka karɓi karatun nan kafin su taɓa ganin takardarsa.

A nan ne kuma nake da ƙorafi. Turanci aka fifita a tsarin littafin, shi ne harshen fassara da sharhi baki ɗaya, matanin Hausa kuwa sai an lalubo shi daga can baya. Waƙar da aka tsara don a rera, idan aka juya ta zuwa wani harshe, amsa-amonta da karinta sukan zube, abin da ya saura sai ma'ana kawai. Malamin jami'a ba zai damu da wannan ba, amma malamar Islamiyya a Gwandu ko Wurno, wadda ita ce magajiyar jajin ta haƙiƙa, ba da ita aka yi lissafi ba.

Ga ɗalibin tarihi ko na adabi, kundin ya cancanci kuɗinsa, ko da yake ya fi sauƙin samu a ɗakunan karatu na jami'o'i fiye da shagunan littattafai. Masu makarantun matan aure kuwa, abin da suke bukata shi ne ƙaramin bugu mai araha da zai ware waƙoƙin Hausa kaɗai, da boko da ajami.