Corolla 2005 ta hannu: yadda na same ta bayan damina da bazara a Bauchi

Motar da zan yi sharhi a kanta Toyota Corolla ce ƙirar 2005, irin wadda aka ƙera don kasuwar Amurka, mai giya otomatik. Ta hannu ce. Wani ma'aikaci ya daɗe yana hawanta a nan Bauchi kafin ta iso gare ni ta hannun dillali. Na hau ta da damina, na hau ta da hunturu, na sha zafin Maris da Afrilu a cikinta, don haka ina ganin yanzu ina da bakin magana. Na gamsu da ita, kuma da za a mayar da ni ranar ciniki da kuɗin da ke aljihuna a lokacin, ita zan sake ɗauka. Sai dai tsohuwar mota ce, kuma duk wanda ya ce maka ba za ta taɓa aljihunka ba, bai faɗa maka gaskiya ba.

Da can burin ɗan albashi shi ne 'yar Kwatano, wato tokumbo, motar da aka hau a ƙasar waje aka shigo da ita. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sannan a watan Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, a Yuni kuma aka saki naira ta bi kasuwa. Kuɗin sayo mota a waje da kuɗin kwastam duk dala suke bi, sai tokumbo ta fi ƙarfin irinmu. Dole muka koma ta hannu, inda tarihin wanda ya riƙe motar ya fi shekarar ƙirarta muhimmanci.

Da kuɗina zan iya samun Honda Accord ɗin nan da ake kira EOD, wadda ta fi girma da kwarjini, ko Peugeot 406 mai daɗin zama a doguwar tafiya, ko Golf 3 har in yi ragowar canji. Raina ya fi kwantawa da EOD. Bakaniken da ke yi wa gidanmu gyara tun zamanin mahaifinmu, wanda muke kira Baba, shi ya juya ni. Ya ce, "Malam, kai da kake bin hanyar Gombe da ta Azare, nemi wadda in ta tsaya maka a Darazo da magariba za a samu yaron da ya san cikinta." Injin wannan Corolla, 1ZZ-FE mai lita 1.8, shi ne a cikin Toyota Matrix da Pontiac Vibe na shekarun nan, don haka kayan gyaransa sun cika gari, sababbi da na gwanjo. Abin da aka rasa a Bauchi ana samunsa a Jos, ko a aika Kofar Ruwa a Kano ya iso washegari. Kuma da sarƙa yake aiki, ba irin bel ɗin da ake fargabar tsinkewarsa ba.

Tsadar Corolla ta ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Dillalai sun san ana rububinta, ga shi ba ta kwana a hannu in an tashi sayarwa, shi ya sa ba sa sassautawa. Motar da ta girme wa ɗalibai da yawa a jami'ar ATBU ta Bauchi, amma ana yi maka yanga da farashinta.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne wajen dubawa. Baba ya kafa sharaɗi cewa da sassafe za mu je, kuma kada kowa ya tayar da motar kafin mu iso. Ta farko da aka nuna mana sai sheƙi take, an wanke inji tas har da shafa masa mai. Baba ya ɗora bayan hannunsa a kan injin, ya ji ɗumi, ya dubi dillalin ya ce, "Alhaji, ai an riga mu." Injin da ya yi zafi yana ɓoye ƙarar sarƙa da wahalar tashi, wanki kuma yana share alamar yoyo. Ko cikinta ba mu shiga ba.

Wadda na saya kuwa fentin rufinta ya koɗe da rana, kujerar direba ta ɗan yage a gefe. Baba bai ko kalli waɗannan ba. Ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa da fitilar waya, yana neman baƙin dasƙararren datti ko kumfa mai launin madara, wadda ke nuna ruwa ya haɗu da mai. Ya zaro sandar man giya ya goga a farin ƙyalle ya shinshina; ja ne, babu ƙauri. Ya sa ni na murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba don mu ga duk fitilun gaban direba sun kama, saboda akwai masu cire ƙwan fitilar da ke nuna matsalar inji ko ta jakar iska, mai saye ya ɗauka lafiya lau. Sannan ya tsaya a bayan salansa na tayar. Shuɗin hayaƙi alamar inji na shan mai ne, farin da ya ƙi ɗaukewa kuma alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba. Bai ga ko ɗaya ba. Daga nan ya ɗaga kafet ɗin ƙasa da na but yana neman busasshen taɓo da tsatsa, don motoci da yawa da ake shigowa da su daga gwanjon Amurka haɗari ko ambaliya ce ta kai su can. A ƙarshe muka kira mai na'urar binciken ƙwaƙwalwar mota ya jona, muka biya shi ɗan abin da bai kai kuɗin cika tanki ba.

Kada ka dogara da lambar tafiyar da ke kan mita. Ta Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, ga shi ana iya mayar da ita baya. Wannan ƙirar ta 2003 zuwa 2008 ma mitarta tana tsayawa cak in ta kai 299,999. Cinyewar robar feda da santsin sitiyari sun fi faɗin gaskiya.

Takardu ban yi wasa da su ba. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofarsa. Na gwada ta harafi bayan harafi da wadda ke takardar kwastam da ta mallaka. Na nace sai mai motar ya zo da kansa, muka rubuta yarjejeniya gaban shaidu, aka yi canjin suna. Inshorar dole ta ƙananan motoci ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, ga la'adar dillali, ga sabunta lasin. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a kuɗin mota kaɗai, a ƙofar gida zai ajiye ta yana kallo.

Abin da na ware ya tafi ne wajen gyara ɓarnar hannayen da ta bi. An cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, an haɗa fankar lagireto kai tsaye tana juyawa ba hutu, wai don ƙasarmu da zafi. Wannan dabara ta zama ruwan dare a garejinmu, kuma tana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya riƙa zuƙar fetur. Muka mayar da komai yadda yake, muka zuba ruwan lagireto na gaske maimakon na rijiya. Tayoyin kuwa zanensu da saura, amma alƙaluma huɗun da ke gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, sun nuna sun tsufa ƙwarai. A kwaltar Alkaleri da rana tsaka ba zan ɗora iyalina a kansu ba, na canza su duka. Sai fulogi, baƙin mai da matatarsa. Man giya kuma T-IV take sha, kada a bari yaron gareji ya ɗura mata duk wanda ya samu.

Tun daga nan ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Tankinta lita 50 ne, kuma zuwa Gombe da dawowa, tafiyar wajen kilomita 300, kusan rabinsa nake ƙonawa in ban matsa mata ba. A cikin gari, tsakanin Wunti da Yelwa da kai yara makaranta, ta fi haka sha, musamman in na kunna sanyi. Sanyin yana isar na gaba sosai, amma in ta wuni a rana cikin Afrilu, na baya sai sun yi haƙuri. In an cika ta da mutane da kaya aka nufi Jos, daga Toro zuwa sama za ka ji tana nema, sai ka bar ta ta hau a hankali. Ƙarar hanya na shigowa ciki, robobin ƙofa sun bushe da shekaru, hannun ƙofa ɗaya ma ya karye a hannun ɗana. Da damina kuma, layin unguwarmu da ruwa ya zaizaye sai na bi shi a karkace don kada ƙasanta ya daki dutse.

Akwai abu biyu da ya kamata mai irin wannan mota ya bincika da lambar shasinsa a intanet. A 2010 kamfanin Toyota ya yi kiranyen Corolla ƙirar 2005 zuwa 2008 a Amurka, wato ya nemi a mayar masa da su, don canza ƙwaƙwalwar inji, sannan tana cikin motocin da kiranyen jakar iska ta kamfanin Takata ya shafa. Shafin hukumar NHTSA mai kula da lafiyar motoci a Amurka yana nuna ko akwai gyaran da ba a yi wa motarka ba, kyauta.

Mai iyali babba, ko wanda gonarsa ke can cikin daji bayan Dass, wannan ba tasa ba ce, ya nemi mai tsayin ƙafa. Malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Bauchi da Gombe, za ta yi musu. Ni yanzu abin da ya rage mini shokozoba na gaba ne, sun fara ƙara a gargada. Baba ya ce kada in sa na gwanjo, in jira albashi in sayi sababbi guda biyu a sa su tare, kafin tafiyar Sallah zuwa Azare.