Sharhi kan hidimar hoton CT na ƙirji: tarin fuka ne ko sakoyidosis?

Ƙanwata ta shafe wata uku tana busasshen tari da kasala, gwajin kakinta na GeneXpert bai nuna ƙwayar tarin fuka ba, amma hoton ƙirji na farko ya nuna kumburarrun kaluluwa a tsakanin huhunta. Likitanta ya tura mu wata cibiyar ɗaukar hoto domin a yi mata CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka yanki-yanki, mai allurar rini, yana son a rarrabe masa tsakanin tarin fuka da cutar sakoyidosis, wata cutar kumburi da ta fi kama huhu da kaluluwa, wadda a alamu da hoto take kama da shi ƙwarai.

Abin da ya fi burge ni shi ne rahoton likitan hoto. Bai tsaya ga cewa akwai kumburi ba. Ya bayyana cewa kaluluwan sun kumbura daidai wa daida a dama da hagu, kuma tsakiyarsu ba ta ruɓe ba, alhali na tarin fuka sun fi kumbura a gefe ɗaya, cikinsu ya mutu, rinin ya haskaka bakinsu kawai kamar zobe. Ya ƙara da cewa ƙananan ƙurajen da ke cikin huhun sun bi hanyoyin ruwan kaluluwa da layukan da suka raba sassan huhu, kuma babu kogo a saman huhun, babu kuma tsarin nan mai kama da reshe mai toho wanda ke nuna ƙwayar cuta tana yaɗuwa ta hanyoyin iska.

Duk da haka, a ƙarshen rahoton ya rubuta ƙarara cewa hoton ya karkata ga sakoyidosis amma bai kore tarin fuka ba, ya kuma ba da shawarar a ɗebo tsokar kaluluwar ta na'urar EBUS, wato siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta hanyar iska. Wannan gaskiyar ita ce ta sa na amince da cibiyar, domin maganin sakoyidosis, wato sitiroyid irin su prednisolone, yana raunana garkuwar jiki, kuma idan aka ba mai tarin fuka wannan maganin kaɗai cutar na iya bazuwa. Da muka tambaya ko hoton PET, wanda ke haska wuraren da cuta ke aiki a jiki, zai yanke hukunci, ba su yi kwaɗayin kuɗinmu ba, suka ce cututtukan biyu duk suna haskawa a cikinsa.

Inda suka gaza shi ne wajen shirya mara lafiya. Babu wanda ya faɗa mana tun farko cewa ana bukatar gwajin ƙoda kafin allurar rinin, sai da muka iso aka mayar da mu, kuma rahoton ya ɗauki kwana huɗu maimakon biyun da aka yi mana alkawari. Sakamakon tsokar ya nuna ƙulle-ƙullen kumburi marasa ruɓewa, ba a kuma sami ƙwayar tarin fuka a ciki ba, abin da ya dace da sakoyidosis.