Sharhi kan gyaran na'urar naɗar faifai da ta daina ganin DVD

Sana'ata ɗaukar bidiyon bukukuwa da walimar saukar karatu, kuma duk da cewa yawancin mutane yanzu a filashi ko a waya suke karɓar aikinsu, har yanzu akwai iyaye da makarantun Islamiyya da ba sa jin an kammala musu aiki sai an miƙa musu faifan DVD a cikin kwalinsa. Shi ya sa al'amarin ya dame ni ƙwarai da na'urar naɗar faifai ta kwamfutata ta daina aiki a tsakiyar hunturu. Idan na sa faifai tire ya shige, sai in ji ya fara juyawa, fitila tana ƙiftawa, wata ƙara ƙas-ƙas tana fitowa daga ciki, daga nan sai komai ya yi tsit, Windows kuma ta ce in saka faifai.

Abin da na fara kashe wa kuɗi shi ne faifan goge ido, wato ɗan gilashin da na'urar take karanta faifai da shi, wanda ake sayarwa da 'yan ƙananan gashin buroshi a ƙasansa. Ba zan ba kowa shawarar sayensa ba. Na'urar da ba ta iya gane faifai ba za ta juya shi yadda zai share komai ba, kuma gashin yana iya karce idon ko ya ture shi daga mazauninsa, domin idon yana rataye ne a kan wasu siraran wayoyi da ke ɗaga shi suna sauke shi.

Mai gyaran da na kai wa kwamfutar shi ne ya cancanci yabo, saboda bai taɓa sukundireba ba sai da ya tabbatar ko matsalar ta manhaja ce ko ta ƙarfe. Ya buɗe Device Manager, sashen Windows da ke jera na'urorin kwamfuta, ya duba ko akwai alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa a kan na'urar. Ya bayyana mini cewa idan aka ga kuskure mai lamba 19 ko 39, sau da yawa wata manhajar naɗar faifai ce da aka cire ta bar saura a rajistar Windows, inda take adana saituttukanta, kuma goge saituttukan UpperFilters da LowerFilters a wurin da ya shafi na'urar faifai, sannan a sake kunna kwamfuta, yakan warware matsalar ba tare da an sayi komai ba. Tawa ba ta nuna kowace alama ba. Daga nan ya sa faifan girka Windows, ya nemi kwamfutar ta tashi daga kansa tun daga BIOS, matakin farko na tashin kwamfuta kafin Windows ta buɗe, inda babu ruwan manhajojin da aka girka, amma ba ta gan shi ba. Da ya sa faifan CD na karatu kuwa, nan take ta karanta.

Wannan gwaji na ƙarshe shi ne ya fi burge ni, kuma shi nake so duk mai irin wannan matsala ya yi kafin ya fita daga gida. A cikin na'urar akwai leza, wato hasken da ke karantawa da rubutawa a faifai, iri biyu: ta CD mai tsawon zangon haske nanomita 780, da ta DVD mai jan haske, nanomita 650. Ɗaya tana iya raunana ta bar ɗaya da lafiyarta, kuma wadda aka fi wahalarwa da naɗi ita ce takan riga gajiya, tunda rubutu a faifai yana buƙatar ƙarfin haske fiye da karantawa nesa ba kusa ba. Duk da haka ya buɗe na'urar a gabana, muka ga jar ƙura ta kwanta a kan ido da sandunan da kan lezar yake zamewa a kai. Ya goge idon a hankali da auduga da ɗigon sinadarin isopropyl, ya share sandunan. Bayan haka ta koma karanta faifan DVD na kamfani, amma faifan da ba a rubuta komai a kansa ba har yanzu ba ta ganinsa. Ya faɗa mini gaskiya cewa lezar ta zo ƙarshe, kuma kuɗin neman wani kan lezar ya kusa kuɗin sabuwar na'ura, ya karɓi ladan dubawa kawai.

Na sayi siririyar na'ura ta waje mai haɗuwa ta USB, kuma na gamsu da ita, sai dai tana da sharuɗɗa. Windows ta gane ta ba tare da an girka komai ba. Iyakar gudunta a DVD ninki 8 ne na ainihin gudun DVD, wanda ke nufin cika faifai mai gigabait 4.7 yana cin sama da minti 10, alhali manyan na'urorin cikin kwamfutar tebur suna kaiwa ninki 24. Wannan bai dame ni ba, domin dama a ninki 4 nake naɗa aikin mutane, kuma faifan da aka naɗa a hankali ya fi samun karɓuwa a tsofaffin na'urorin kallo na gidaje. Babban rauninta shi ne wuta. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, na USB 3.0 kuma 900, kuma da na haɗa ta da ramin gaban kwamfuta sai ta riƙa nuna alamun tsohuwar, tana juyawa tana tsayawa. Da na mayar da ita ramin baya mai launin shuɗi, wato na USB 3.0, matsalar ta kau. Wanda kwamfutarsa ba ta da irin wannan rami ya nemi kebul mai kai biyu da ke jan wuta daga ramuka biyu, kada ya yi saurin cewa an sayar masa da jabu.

Jikinta roba ce marar nauyi, tirenta ma ba ya fitowa gaba ɗaya sai an ja shi da hannu, kuma idonta a buɗe yake duk lokacin da aka buɗe ta, abin da ke da haɗari a garin da ƙura take shiga ko'ina. Ina ajiye ta a cikin jaka da zarar na gama aiki. Ina naɗi da manhajar ImgBurn, ina barin ta tantance faifan bayan ta gama, kuma na fi son DVD-R a kan DVD+R saboda tsofaffin na'urorin abokan hulɗata sun fi karɓarsa. Ga mai naɗa faifai kaɗan a mako ta wadatar, amma mai buga ɗaruruwa gara ya sa babbar na'ura ta ciki mai haɗin SATA.