Asibitin dabbobin da ya hana ni yar da muzuru

Ba zan faɗi sunan wurin ba, saboda yabon da zan yi musu yana tafe da ƙorafi. Ƙaramin asibitin dabbobi ne mai zaman kansa a Kano, shago biyu aka fasa aka haɗe. A gaba ana sayar da maganin kaji da abincin karnuka, likita kuma tana ciki. Masu kiwon kaji da masu raguna su ne manyan kwastomominsu, sai masu karnukan gadi. Wadda ta shigo da mage a kwando irina, da ido ake raka ta har ta zauna.

Kyanwoyi biyu gare ni, Fara da Tsigai, duka mata, a hannuna suka girma. Na ukun shi ne Ɗan Soro, muzurun unguwa da ya daɗe yana leƙo mu ta kan katanga, har ranar da ya sauko da kunne a yage, kunci a kumbure, yawu na dalala, bakinsa na wari. Shi na kai. Likitar ta fasa ƙurjin ta wanke, ta ɗaga leɓensa ta nuna min dasashi ja zur, sannan ta ce tana so ta gwada jininsa kafin in shigar da shi cikin sauran. Ta aske ɗan gashi a ƙafarsa ta gaba, ta ja jini kaɗan, ta ɗiga a wata 'yar roba mai taga. Minti goma muka jira. Gwajin cuta biyu yake dubawa a tare, FIV, mai cin garkuwar jikin mage, da FeLV, mai iya jawo mata sankarar jini. Ta biyun babu, ta farkon kuwa ta fito.

Nan ne wurin ya ci kuɗinsa. Ban buɗe baki ba ta ce, "Hajiya, kafin ki tambaya, ba ya kama mutum. Ba ya kama yara, ba ya kama akuya. Cutar mage ce." Ta ce ƙwayar dangin wadda ke jawo ƙanjamau ce, garkuwar jiki take ci a hankali, kuma babu maganin da ke kashe ta, amma mage na iya shekaru da ita tana ci tana sha ba a ga komai ba. Na ce, "Likita, to ya zan yi da matan nan biyu?" Ta ce tambaya ɗaya ce: suna faɗa? Ba huci da mari da tafin ƙafa take nufi ba, wannan kowace mage tana yi. Cizon da haƙori ke nutsewa a nama take nufi, domin ƙwayar a yawu take, kuma ta irin wannan cizon ta fi shiga jini. Shi ya sa muzuran da ba a fiɗiye ba, masu kwana suna kokawa a kan rufin kwano, suka fi kowa ɗauka. Da FeLV ce ta fito, in ji ta, da maganar ta bambanta, don ita lasar juna da cin kwano ɗaya ma suna yaɗa ta.

Ban ɗauki maganarta haka kawai ba, na je na duba. A 1986 aka gano cutar a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka. A 2014 kuma wata likita a Jami'ar Purdue, Annette Litster, ta wallafa bincike a kan wani gidan ceton mage inda guda 8 masu cutar suka zauna a cakuɗe da 130 marasa ita, kuma cikin waɗanda aka sake gwadawa ba a samu ko ɗaya da ta ɗauka ba. Masu cutar duk an fiɗiye su. Abin da likitarmu ta faɗa min ke nan, ba ƙari.

Ta rubuta min tsari a bayan katin asibiti. A gwada matan yanzu, a sake bayan kwana 60, tunda gwajin ba ƙwayar yake gani ba, martanin da jiki ya yi mata yake gani, shi kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya bayyana. A fiɗiye Ɗan Soro da zarar ƙurjin ya warke. A ware shi a ɗaki ɗaya tukuna, ana musanya musu tsumman kwanciya su saba da warin juna, daga nan a bar su su ga juna ta ƙofar raga kafin a haɗa. Kowa da kwanonsa, nesa da na ɗan'uwansa, don a kan abinci ake fara rigima. Ta hana ɗanyen nama da nonon da ba a dafa ba, saboda haka tarkacen da mahauci ke tara min da kan kifi yanzu sai sun tafasa. Ta kuma maimaita min har sau biyu cewa kada in kuskura in ba mage farasitamol, kashe ta yake yi. Na san gidaje da yawa da ke yin haka da kyakkyawar niyya.

Aikin fiɗiyar ya yi tsaf, da yamma na ɗauko shi, wurin bai yi ruwa ba. Tsare shi a gida ne wahalar da babu asibitin da zai ɗauke maka. Muzurun da ya saba da soron unguwa, ka ce masa ga iyakarka, kuka yake yi cikin dare kamar jaririn da aka yaye. Inna, surukata, ta kira ni ta ce, "Ke 'yar nan, kin manta matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage?" Na ce, "Inna, waccan ba ta ba ta abinci ba ne, wannan kuwa ya fi ni ƙoshi." Sakinsa na nufin ya koma ya ciji magen maƙwabta, ya kuma kwaso wata cutar da jikinsa ba zai iya da ita ba. Muka kira mai walda ya rufe saman tsakar gida da raga. Kukan ya ragu da kansa bayan fiɗiyar ta kama jiki.

Yanzu ƙorafi. Wurin jira ɗaya ne, benci ɗaya, ga kare na haki a gefenka ga mage na rawar jiki a kwando. Labule kawai za su sa a raba, ba su yi ba. Ni dai zani nake lulluɓa wa kwandon. Ranar gwaji na biyu na kwashi Fara da Tsigai a Keke Napep na je, aka ce kayan gwajin sun ƙare, sai an kawo daga Legas. Na kira kafin in fito, ba wanda ya ɗaga. Kuɗin kuma ba wasa ba: gwajin mage ɗaya ya fi abin da nake kashe wa su ukun a abinci na wata. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yaron da ke kan tebur, wanda ya ɗaga murya a gaban mutane ya ce, "Anti mai magen ƙanjamau, ki shigo." Wata mata ta janye ɗanta daga kusa da ni. Na gaya wa likitar, ta tsawata masa, bai sake ba, amma tun farko ya kamata a koya masa.

Ba su da kayan aikin haƙori kuma, alhali ciwon baki shi ne abin da ya fi damun mage mai wannan cuta. Likitar ba ta ɓoye ba. Ta ce in ya kai ga cire haƙori za ta tura mu asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Gwajin matan na biyu ya fito babu komai. Tsigai tana kwana jikin Ɗan Soro, Fara har yau hararsa take yi daga kan firji, amma ba wanda ya taɓa huda wani. Duk wata shida ake duba shi, a auna nauyinsa a leƙa bakinsa, maganin ƙuma da na tsutsar ciki kuwa su ukun nake ba wa tare. Wanda magensa ke cizon juna har jini, wannan tsarin ba nasa ba ne, raba su zai yi. Wanda zai je wurin kuma ya je da sassafe kafin masu karnuka su cika bencin, ya tabbatar likitar da kanta tana nan, ya kuma aika wani ya tambayo ko akwai kayan gwaji kafin ya ɗauko kwando.