Bitar wata cibiyar lesin JAMB a Kano, daga mahaifin mai neman karatun awon ido

Ranar da na kai 'yata ta biyu rajista a wata cibiyar lesin da ke shirya ɗalibai don jarrabawar JAMB a nan Kano, matashin da ke teburin karɓar kuɗi ya tambaye ta fannin da take son karantawa a jami'a, ta ce masa oftometiri, wato ilimin awon ido. Bai ko ɗago kai daga littafin rasit ba ya ce, "Ai ƙanwata, likitanci ake fara cikewa, in maki bai kai ba sai a sauko." Na yi shiru domin ba gardama ce ta kawo ni ba, amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma bayan watannin da yarinyar ta yi tana zuwa wurin na gane cewa a cikinta ne babban raunin cibiyar yake. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin irinsa sun yi yawa a gari, kuma abin da zan faɗa zai fi amfanar uban da ke auna kowace cibiya kafin ya zaro kuɗinsa.

Mutane uku ne muke haɗawa mu kira su likitan ido, alhali aikinsu ya bambanta. Akwai wanda ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware a kan ido, shi ne mai yin tiyata ya cire yana. Akwai wanda ke yanka gilashi ya ɗora shi a kan firam bisa takardar da aka rubuto masa. Na tsakiya shi ne wanda 'yata take son zama: mai auna ƙarfin gani, ya rubuta irin tabaran da ya dace, ya gano cututtuka irin su hawan jinin ido tun kafin su cinye gani, ya tura wa mai tiyata abin da ya fi ƙarfinsa. A Nijeriya karatun shekara 6 ne ga wanda ya shiga ta hanyar JAMB, ana fitowa da digirin da ake kira OD, sannan a yi shekara guda ta koyon aiki a asibiti kafin hidimar ƙasa, kuma hukumar ODORBN, wadda aka kafa da dokar 1989, ita ce ke yi wa masu wannan aiki rajista. Jami'ar Benin ce ta fara koyar da fannin a ƙasar nan, kuma an daɗe sai a kudu ake samunsa, a wurare irin su Uturu da Owerri, kafin Jami'ar Ilorin da Jami'ar Bayero su buɗe nasu sassan. Fannin da ke da irin wannan tsari ba matattarar waɗanda likitanci ya zubar ba ne, kuma cibiyar da ke karɓar kuɗin mutane da sunan jagora ya kamata ta san haka.

Zan fara da abin da ya burge ni, domin yana da yawa. Ɗakin kwamfutocinsu shi ne ainihin abin da kuɗina ya saya. Jarrabawar JAMB tambayoyi 180 ce a cikin awa 2: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, kuma ga mai neman awon ido darussan su ne Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Idan aka raba lokacin, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu, kuma yarinyar da ta saba da biro da takarda a jarrabawar WAEC ba ta san gajartar daƙiƙa 40 ba sai agogo yana raguwa a gaban idonta. Kowace Asabar cibiyar tana zaunar da su cikakkiyar jarrabawar gwaji, da agogo da komai, ba a barin kowa ya shiga da waya, kuma tun makon farko aka hana su dogaro da linzamin kwamfuta, aka koya musu maɓallan da ake amfani da su a ainihin ɗakin jarrabawa: A zuwa D don zaɓen amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. A gwajin farko lokaci ya ƙare mata ba ta ko taɓa rabin Kemistiri ba, ta dawo gida tana hawaye. Zuwa wata na biyu ta koyi farawa da Bayoloji inda take da sauri, ta tara wa lissafin Fiziks mintuna, ta kuma daina barin gurbi babu amsa tunda ba a rage maki don kuskure. Janaretansu bai taɓa ba su kunya a ranar gwaji ba, wanda duk mazaunin Kano ya san ba ƙaramin yabo ba ne.

Malamin Fiziks ɗinsu kuwa, da a ce shi kaɗai ne a wurin, da ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Dattijo ne da ya daɗe yana koyarwa a sakandare, kuma da aka zo babin haske bai tsaya ga zane a allo ba. Ya zo da kofin gilashi da ruwa ya tsoma cokali don su ga yadda yake bayyana kamar ya karye, ya zo da tsofaffin tabarau iri biyu, ya fitar da ajin tsakar gida ya tattara hasken rana da ɗaya a kan takarda har ta fara hayaƙi, sannan ya nuna musu cewa ɗayan ba ya tattara haske, watsa shi yake yi, kuma shi ake ba wanda ke ganin kusa amma nesa take yi masa dishi-dishi. Daga nan ne ya shiga lissafi, ya nuna cewa ƙarfin gilashi ana samunsa ne idan aka raba 1 da nisan da yake tattara haske a ma'aunin mita, ta yadda gilashin da ke tattarawa a santimita 50 yake da ƙarfin dayofta 2. A daren ranar ta ɗauko takardar da aka rubuta mini a asibiti lokacin da na sauya tabaran karatu, ta nuna mini inda aka sa +2.00, ta ce, "Baba, naka mai tattara haske ne, domin idan mutum ya haura shekara 40 ƙwayar da ke cikin ido tana yin tauri, ba ta iya lanƙwasawa ta kama rubutu na kusa." Shekaru ina yawo da wannan takarda a aljihu ban san abin da ta ƙunsa ba. Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne bai bar ta ta lafe a babin da take so ba, ya gaya mata ƙarara cewa haske yanki ne kaɗan na manhajar, kuma tambayoyin lantarki da motsi da zafi ba za su tausaya mata don tana son ido ba. Aibinsa guda shi ne yawan daɗewa a kan babin farko-farko, har sai da ya bi na ƙarshe a gurguje a makonni biyun ƙarshe.

Sauran darussan ba su kai wannan matsayi ba. Malamar Bayoloji tana da ƙoƙari da tsare lokaci, sai dai hadda ta fi yawa a ajinta. Kemistiri ne ya fi damuna, domin malamin ya dogara kacokan ga littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a kasuwa, yana karanto amsar da ke bayan littafi ba tare da ya warware ta a allo ba, kuma irin waɗannan littattafai ba sa rasa kurakurai. Sau biyu 'yata ta kawo wa yayanta amsar da lissafinta ya ƙi yarda da ita, aka duba aka tarar littafin ne ya yi kuskure. Turanci kuma an mayar da shi saniyar ware, sau ɗaya a mako, alhali shi ne mai tambayoyi mafi yawa, kuma ɓangaren furuci da ke cikinsa, inda ake tambayar sautin wasula da gaɓar da ake dannawa a kalma, yana wahalar da yaranmu da ba su saba jin harshen a bakin masu shi ba. Littafin labarin da hukumar JAMB ke wajabta karantawa ma taƙaitaccen bayaninsa aka raba musu a takarda biyu. Ni na tilasta mata ta karanta shi daga bango zuwa bango.

Game da tarbiyya da tsari ba ni da ƙorafi. Ana tashi kafin magariba, ana tsayawa a yi sallar la'asar, akwai wurin zama dabam ga 'yan mata, kuma ban taɓa jin an yi wa ɗalibi tayin satar amsa ko alƙawarin "taimako" a ranar jarrabawa ba, abin da na sa ido a kansa sosai. Ajin dai ya cika fiye da kima yayin da jarrabawa ta matso, domin ba su daina karɓar sababbin ɗalibai ba, har na baya ba sa jin malami idan fanka tana aiki.

Inda cibiyar ta gaza ƙwarai shi ne abin da ta rubuta da manyan baƙaƙe a allon tallarta, wato jagora wajen neman gurbin karatu. Cin jarrabawa rabin tafiya ne kawai, sauran rabin yana cikin takardu, kuma a nan ne yara masu maki mai kyau suke zubewa. Rajista tana farawa da lambar NIN, wadda ake turawa ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019 a karɓi lambar buɗe shafi, kuma layin da aka yi amfani da shi ya zama na ɗalibin har ƙarshen lamarin, bai kamata ya zama na wani maƙwabci ko mai shago ba. Babu wanda ya gaya mana mu gwada sunan da ke kan NIN da wanda ke kan sakamakon WAEC. Ni da kaina na lura cewa an rubuta sunan kakanta da haruffa dabam a takardun biyu, muka yi ta zirga-zirgar gyara ana saura kwanaki a rufe rajista. Babu wanda ya jaddada musu cewa kiredit biyar ake nema, a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma dole a ɗora sakamakon a shafin hukumar JAMB ta hannun wata cibiya da aka amince da ita, in ba haka ba tsarin CAPS da ake bayar da gurbi ta cikinsa ba zai san ɗalibi yana da shi ba. Haka nan ba a yi musu bayanin cewa bayan JAMB akwai tantancewar da jami'a ke yi da kanta, kuma idan gurbi ya fito sai ɗalibi ya shiga ya karɓa da hannunsa.

Shawarar nan ta "a fara cike likitanci" ita ce mafi hatsari a cikin duka, kuma na ji an maimaita ta ga wasu yaran. Saukowar da ake faɗa da baki ba ta da sauƙi a aikace, domin sauya fanni sai an biya kuɗi an sake cikewa, kuma sashen awon ido yana da adadin ɗaliban da aka yarda ya ɗauka, ga kuma waɗanda suka zaɓe shi tun farko suna kan layi. Yaron da ya san abin da yake so, aka sa shi ya cike wani abu dabam don burgewa, ana iya jawo masa zaman shekara guda a gida. Da na tayar da maganar gaban shugaban cibiyar, ya karɓe ni da mutunci, ya ce, "Alhaji, iyaye ne ke son a ce ɗansu likita ne, mu kuma muna bin abin da suke so." Gaskiya ya faɗa game da iyaye, amma wanda aka biya don ya ba da shawara ba aikinsa ba ne ya mayar wa mutum da son zuciyarsa. Ban kuma ji ko sau ɗaya an ce wa yaran su bincika ko hukumar jami'o'i ta ƙasa da ODORBN sun amince da sashen da suke nema ba, alhali a kan wannan ne rajistar aikinsu za ta rataya bayan shekara 6.

Wani ƙaramin abu ya ƙara nuna mini iyakar saninsu. Yarinyar ta shiga intanet neman bayani a kan jarrabawar shiga makarantar awon ido, sai ta faɗa kan bidiyoyin wata jarrabawa mai suna OAT, ta kwashe kwana biyu cikin firgici tana ganin tambayoyin da ba ta taɓa jin irinsu ba. Wannan jarrabawa ta Amurka ce da Kanada, inda ake fara yin karatun digiri na farko kafin a nemi makarantar awon ido ta shekara 4, kuma makinta yana tsakanin 200 da 400, wanda ya ƙara rikita ta tunda JAMB ma a 400 take tsayawa. Da ta tambaya a cibiyar, wani ma'aikaci ya ce mata duk ɗaya ne. Wata ma'aikaciyar awon ido da muka je wurinta duba idon mahaifiyarta ce ta warware mata cikin minti biyar, ta kuma bar ta ta zauna gefe ta ga yadda ake sa mutum karanta allon haruffa daga nisan mita 6, da abin da ake nufi idan an rubuta 6/6, wato lafiyayyen gani.

Ga wanda ɗansa ke da rauni a Fiziks ko bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, kuɗin da suke karɓa bai yi yawa ba, kuma zan ce ya kai shi da wuri kafin aji ya cika. Wanda kuma yake tsammanin zai biya ya koma gefe a riƙe masa ragamar neman gurbi, gara ya ɗauki kundin bayanin fannoni na JAMB ya karanta da kansa, ya kuma nemi wani mai aikin ya zauna da yaron ko na rabin awa ne. 'Yata ta cike awon ido a zaɓinta na farko kamar yadda ta yi niyya, ta rubuta jarrabawar ta gama da sauran mintuna a agogo. Ƙaninta zai rubuta tasa baɗi, kuma na riga na tambayi shugaban cibiyar ko za su yarda in biya kuɗin Fiziks da gwajin Asabar kaɗai. Ya ce zai yi shawara da abokan aikinsa ya kira ni.